Biskit ɗin Fernande a Akwatin Wasiƙa

Gidan Fernande Doyon shi ne na ƙarshe a Layi na Bakwai. Daga shi sai dajin mapul, itatuwan da ake tatsar ruwansu a dafa ya zama zuma, da mijinta Rosaire ya bari, bayan dajin kuma babu kowa sai barewa. Shekara tara ke nan da aka binne Rosaire. 'Yarsu ɗaya tana Montréal, takan bugo waya ran Lahadi idan ta tuna, kuma ba ta cika tunawa ba.

Fernande ba ta tsoron mutuwa. Ta sha faɗin haka a ƙofar coci, da ƙarfi, don kurame ma su ji. Abin da take tsoro shi ne irin ta Gédéon Lessard na Layi na Huɗu, wanda ya faɗi a kicin ɗinsa cikin Fabrairu ya kwana goma sha ɗaya ba wanda ya sani, sai da mai kawo man hita ya leƙa ta taga. Har yau in matan ƙauyen suka zo kan maganar abin da kyanwarsa ta ci a kwanakin nan sai su rage murya, amma ba sa tsallake ta.

Abin da ya sa take barci da daɗi duk shekarun nan shi ne Aurèle mai kawo wasiƙu. Ƙarfe goma sha ɗaya daidai yake isowa ƙarshen layin, kuma ko da wasiƙa ko babu sai ya danna hon sau biyu, ya tsaya har ya ga labulen kicin ya motsa, sannan ya juya motarsa. Ba su taɓa zama sun shirya haka ba. Sati guda bayan jana'iza ya fara, bai daina ba. Ita kuma duk ran Alhamis takan sa gwangwanin biskit a akwatin wasiƙunta da ke bakin titi, ta ɗaga 'yar jar tutar nan mai nuna akwai abin ɗauka. An yi surutu, ba shakka. Wata 'yar layin, Huguette Veilleux, ta rantse ba biskit kaɗai ke cikin gwangwanin ba. Ƙarya take yi. Da gaskiya ne da tuni an sani, don a layin nan ko atishawa mutum ya yi sai an ji a kantin Bolduc kafin ya share hanci.

Cikin Disamba gwiwoyin Aurèle suka ce sun gaji. Ya ajiye aiki, ɗansa ya zo ya kwashe shi zuwa Lévis.

Wadda aka turo mace ce, da wata 'yar mota mai ruwan toka. Ba ta da tsayayyen lokaci: yau sha biyu, gobe biyu da rabi. Idan akwai wasiƙa ta jefa ta wuce. Idan babu, kuma yawanci babu, ko ƙarshen layin ba ta ƙarasowa, a ƙofar gidan Poulin take juyawa. Sati uku Fernande tana tsayawa a taga da hannunta a kan labule. Wata rana ta kama kanta tana motsa shi ga titin da ba kowa, ta yi tsaki ta koma ta zauna.

Alhamis ta farko bayan sabuwar shekara ta sa gwangwani, ta ɗaga tuta. Motar ta hango tutar, ta ƙaraso, ta tsaya ɗan lokaci, ta tafi. Fernande ta zura takalman dusar ƙanƙara ta fita da murna. Gwangwanin na nan yadda ta ajiye shi, da 'yar takarda a kai: "Madam, wannan ƙunshin ba adireshi kuma ba kan sarki. A gyara a mayar."

Ta karanta sau uku a tsaye cikin iska. Sannan ta shiga gida ta buga waya Lévis.

"Wa ke magana?" in ji Aurèle.

"Wa kake tsammani, gurgu? Matan da ke nemanka sun kai nawa?"

"Af, tsohuwa! Ashe ba ki mutu ba."

"Da na mutu, wa zai gaya maka?"

Ta yi sauri ta karanta masa takardar, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Yarinyar birni ce, daga Sherbrooke aka kawo ta," in ji shi. "Ina ta san zaman layi? Ki rubuta a kai ki ce nata ne. Ko kuma ki tare ta kawai ki ce ta riƙa yi miki hon."

"Ni? In fita titi in roƙi sa'ar 'yata ta riƙa duba ko na mutu?"

"To zauna nan da girman kanki, shi ya riƙa yi miki hon ɗin."

"Kai roƙonka na yi?"

"Ni ai kwaɗayi ne ya kai ni. Kin san me surukata ke ba ni a nan? Biskit ɗin kanti. Kamar mutum na tauna kwali."

"Maganinka," in ji Fernande. Ta ajiye wayar, ta jima hannunta na kai.

Na gwangwanin ta bai wa tsuntsaye, don ba za ta miƙa wa mutum abin da aka riga aka ƙi ba. Laraba ta gaba da la'asar ta ɗaura ƙyallen girki. Ta narka bota ta bar ta ta huce, ta zuba jan sukari, ta fasa ƙwai ɗaya ta ƙara gwaiduwar na biyu. Sannan ta ɗauko zumar mapul, baƙar, ta ƙarshen kaka, wadda ɗan wan Rosaire ke kawo mata yana ba da haƙuri kamar abin kunya ya kawo. Farar ta farkon kaka ta baƙi ce da masu son a yaba musu. In an gasa ta ba ta da ƙamshin komai. Ta juya fulawa a ciki da cokalin katako, ba da yawa ba, ta kai ƙullin ɗakin baya ya yi sanyi.

Sirrin danƙon biskit ɗinta, wanda Huguette ta yi shekara talatin tana leƙe ba ta gano ba, shi ne cirewa daga tanderu tun tsakiyarsa na kama da ɗanye. Mai tsoro yakan ƙara minti biyu, ya fito da abin jifan kare. Fernande ta ciro farantin ta bar su suka kwanta da kansu, gefe ya yi ja, tsakiya ya lotsa. Gidan duk ya ɗauki ƙamshi, irin na bukkar dafa zuma a watan Afrilu, lokacin da Rosaire ke shigowa da hayaƙi a gemu. Ta buɗe baki za ta ce a zo a ɗanɗana, ta rufe.

Farin cakulan ta narka a kwano bisa tukunyar ruwan zafi, tana kaffa-kaffa, don ɗigon ruwa ɗaya in ya faɗa ciki duk sai ya dunƙule. Rabin kowane biskit take tsomawa, rabin ta bar shi haka. Wannan ma saboda Aurèle ne: shekarar farko ta lulluɓe su gaba ɗaya, ya je ya bar shatin yatsu biyar a wasiƙar fadan coci, fada ya yi huɗuba a kan tsabta. Ta jera su a takarda suka sha iska, ta sa dozin guda a gwangwani da ɓallin burodi don kada su bushe, sauran ta rufe a kwano. A kan murfin ta manna takarda, ta rubuta da manyan baƙaƙe: NA MAI KAWO WASIƘA NE. CI AKE YI.

Washegari rediyo ta ce sanyi ya kai digiri ashirin da takwas ƙasa da sifiri. Da Aurèle ne, sha ɗaya saura minti goma take fita. Wannan kuwa ba a san lokacinta ba, don haka tun ƙarfe tara Fernande ta kai gwangwanin ta ɗaga tuta, ta dawo ta ja kujera bakin taga. Goma ta wuce. Sha biyu ta wuce, ta sha miyar wake a tsaye ido na titi. Motar share ƙanƙara ta zo ta juya, direban bai ko dubi gidan ba.

Biyu da kwata motar mai ruwan toka ta iso. Hannu ya fito ya ɗauki gwangwanin, ya sauke tuta. Motar ta juya ta kama hanya. Ba hon, ba komai. Fernande ta saki labulen. To, shi ke nan, an ci an wuce.

Sai ta ji ƙarar birki can wajen gadar rafi. Motar ta dawo da baya da baya, ta shigo har ƙofar gida. Mai kawo wasiƙar, mace mai kimanin shekara arba'in, ta fito da hular ulu, hannu ɗaya a baki, ɗayan riƙe da gwangwani, ta ƙwanƙwasa kamar 'yar sanda.

"Ke ce Madam Doyon? Ke kika sa min duwatsu a akwati?"

"Duwatsu? Biskit ɗina? 'Yar nan, shekara hamsin ina yin su, masu haƙoran roba ma suna ci!"

Matar ta buɗe tafin hannunta. Wani ɗan farin abu ne a ciki.

"Cakulan ne ai," in ji Fernande.

"Haƙorina ne."

Ta sauke hannu, ga giɓi a gaba, gefen haƙorin da aka taɓa yi wa ciko ya fita fit. Fernande ta zaro biskit ɗaya daga gwangwanin ta buga a ƙarfen ƙofa. Ƙwas, ƙwas. Awa biyar a akwatin ƙarfe cikin wannan sanyi. Ita da aka haifa a layin nan, ta san abin da Janairu ke yi wa gatari ma balle biskit, zumuɗi ya mantar da ita.

"Shigo," in ji ta. "Kina cika min gida da sanyi."

Sunanta Maryse Tanguay. Fernande ta ba ta ruwan gishiri mai ɗumi ta kurkure, ta dafa shayi, ta tura mata kwanon waɗanda suka kwana a kicin. Maryse ta dube su da zargi, ta gutsura da gefen baki. Biskit ɗin ya lanƙwashe kafin ya rabu. Ta tauna a hankali, ta lumshe ido.

"Kai. Ashe haka yake."

"Haka yake, in mutum bai afka masa kamar kura ba."

"Madam, tun safe ban sa komai a cikina ba. Gida ɗari uku da ɗoriya, kuma ba mai ko ɗaga min hannu. Na ɗauka duk haushina kuke ji don na gaji wancan tsohon. Kowane akwati na buɗe sai in ji kamar ana hararata ta taga."

"Ana hararar ki mana. Aikinmu ke nan a nan."

Maryse ta yi dariya, ta tuna da giɓin, ta rufe baki. Ta ci na biyu, ta ci na uku. Fernande ta ba ta labarin likitan haƙorin Saint-Georges mai hannu kamar na maƙeri, ta ce ta je wurin matarsa, ita ce gwanar. Daga nan ta gangaro kan Gédéon Lessard, ta ba da labarin kaf, har da kyanwar. Maryse ta ce, "Wayyo, bawan Allah," ta dubi agogo, ta fara neman safar hannunta. Ba ta gane ba. Mutanen birni sai an buɗe musu abu kamar gwangwanin kifi.

Fernande ta tashi ta je wajen murhu, ta juya mata baya, ta kama gyara butar da ba abin da ya same ta.

"Aurèle yakan yi min hon," ta gaya wa butar. "Sau biyu. Ko ba wasiƙa. Ya jira har labule ya motsa." Ta mayar da murfin butar. "Ni kaɗai ce a gidan nan. Ina so ki riƙa yi."

Maryse ta dubi labulen kicin.

"In labulen bai motsa ba fa?" in ji Maryse.

"Ƙofar baya ba na kulle ta."

"To. Sau biyu." Ta miƙe tana zura safa. "Amma gara in gaya miki gaskiya, Iya. Ni zuwa ƙarshen Maris aka ɗauke ni. Bayan nan ban san wa za su turo ba."

Fernande ta juyo. Ta lissafa a ranta, sati goma sha ɗaya.

"Allah ya kai mu Maris ɗin," in ji ta. "Ɗauki gwangwaninki, ki ɗora a kan hitar mota. Kuma ki dawo min da shi, ba kyauta ba ne."

Ta tsaya a taga har motar ta haye gadar rafi ta ɓace bayan itatuwa. Rana ta riga ta karkata, inuwar dajin ta fara hawa kan dusar ƙanƙarar tsakar gida. Ta kwashe kwanuka ta wanke, ta goge tebur, ta share ruwan da takalman baƙuwar suka bari a ƙasa. Kofin da Maryse ta sha shayi kuwa, mai shatin jan baki a gefe, ta ɗauka za ta kai wurin wanki, sai ta mayar da shi inda yake, gaban kujerar da ke kallon tata.