Faɗuwar Muntari Rumani

Kofin shayin ne ya fara faɗuwa, sannan Muntari Rumani ya bi shi, ya dafe ƙirji ya zube gaban murhun Huseina mai shayi. Kasuwar Wad Haddad, can ƙasar Sudan, ta kwashe da dariya.

"Allah, Allah, ya Rumani!" in ji Yahya mai raksha, babur ɗin haya mai ƙafa uku, yana tafi. "Wagga ta hi ta makon jiya!"

Huseina ba ta yi dariya ba. Katangar zana ce kawai tsakanin gidanta da nasa, ta kuwa san tarin da yake kwana da shi.

Tun yana saurayi gwamnati ta tura shi Romaniya ya koyo aikin ban ruwa, sai gidan wasan kwaikwayo ya ɗauke masa hankali. Ya yi wasa a dandali a Bukares, ya fito a finafinai, kullum shi ne baƙon da ake harbewa tun mutane ba su gama zama ba. Ya dawo da furfura da akwatin hotuna, ba digiri, ba mata. Mutanen gari ba su taɓa tambayarsa abin da ya koyo ba. Abu ɗaya suke so: ranar kasuwa su saya masa shayi su ce, "Mutu muna, ya Rumani." Sai ya mutu musu, ya tashi, ya kakkaɓe jallabiya, ya rusuna. Dattijo mai jikokin 'yan'uwa, an mai da shi birin kasuwa!

"Ba wasa na ba!" Huseina ta durƙusa ta tallabo kansa. "Yahya, kawo raksha, mu kai shi mustashfa, likita shi duba shi!"

"Ya hajja, bari shi gama. Ke ma kin shiga wasan?"

"Ku dubi leɓonai, ya jama'a! Ku ji tsoron Allah!"

Wani mai albasa ya ce ai a Turai har numfashi ake koya musu riƙewa. Aka ƙara shewa. Muntari ya buɗe ido, ya dubi da'irar ƙafafun da ta kewaye shi.

"Huseina... ce musu halas, wasa ya ƙare."

Ta faɗa, da Hausa da Larabci, har muryarta ta dushe. Sai da ta ɗauki butar shayi ta jefi rakshar Yahya da ita, ruwan zafi ya fantsama, sannan dariyar ta tsaya. Aka sa shi a raksha, amma kafin su kai gadar babbar tur'a, magudanar ban ruwa, rai ya yi halinsa, kansa a cinyarta.

A zaman makoki kuwa, kowa ya zama masoyinsa. Mai albasa har da cewa garin ya yi rashin babban fannan, wato gwanin wasa. Huseina na jin su ta bayan zana tana tuƙa tuwon asida, takaici kamar ya kashe ta. Da ma ta san su, in mutum ya mutu ƙafarsa ta yi tsawo.

Ranar kasuwa ta gaba Yahya ya zo, ya tsaya nesa da murhu.

"Hajja, wallahi na zaci tashi za ya yi."

Ba ta ɗaga kai ba. Ta zuba masa shayinsa ta tura masa. Kujerar ƙarfen da Muntari ya saba zama na nan gefenta, kasuwa cike, mutane na shan shayi a tsaye, ba wanda ya zauna a kanta.