Gurbin Lasisi

Auta ya sake danna maɓallin, allon kwamfuta ya sake yin ja. Yau watannin gwajinsa a kamfanin suke cika, kuma yau ɗin aka ce a miƙa wa asibiti manhajar da aka rubuta musu. Matarsa kuwa tun da safe ta fara ɗaure kwanuka, don ya yi mata alkawarin ana tabbatar da shi za su bar ɗakin da yayansa ya ba su aro.

Matsalar ba ta taka kara ta karya ba. Manhajar tana ɗauke da wani ƙunshi, wato guntun manhaja da wani ya rubuta, da aka sauko da shi daga intanet, kuma kowane ƙunshi yana zuwa da bayaninsa: suna, lamba da lasisi. Manhajoji biyu ne ke kula da ƙunsoshi a kamfanin. Tsohuwar ta ce lasisin wannan kyauta ne, sabuwar ta ce sai da izinin mai shi. Muddin suka saɓa, rahoto ba zai fita ba.

Abin da ya sa tsohuwa da sabuwa suke zaune tare shi ne ogogi biyu ne a sashen. Mai Gemu ya rantse da tsohuwar, yana cewa da ita aka gina kamfanin. Mai Tabarau shi ya kawo sabuwar daga wani taron bita, har yau bai gama ba da labarin otal ɗin da aka sauke su ba. Gaisuwarsu ta fi ta kowa tsawo, kuma ko kofin shayi ba sa ajiyewa a tebur ɗaya. Su biyun ne za su sa hannu a tabbatar da Auta.

Ya buɗe cikin ƙunshin ya ga inda gizo ke saƙar. Mai shi ya canza lasisi bara, ya gyara fayil ɗaya ya manta ɗayan, kowace manhaja kuma nata take karantawa. Sabuwar ce ke da gaskiya. Abin damuwar shi ne, Mai Gemu ne ya zaɓo ƙunshin.

Auta ya fara zuwa wurinsa. Mai Gemu bai ɗago ba, ya ce tsohuwar ba ta taɓa yi masa ƙarya ba, a gyara sabuwar, ta yaran nan, ta bi ta. Daga nan ya je wurin Mai Tabarau, shi kuma ya saurara yana murmushi, ya ce a rubuta komai dalla-dalla a tura wa shugaban kamfani, a sa sunan wanda ya zaɓo ƙunshin da manyan baƙaƙe.

Auta ya dawo kujerarsa. Wayarsa ta yi ƙara, matarsa ce ke tambaya ko ta cire labule. Tsoro ya kama shi, ya ji kunyar abin da zai yi tun kafin ya yi. Ya buɗe kwafin ƙunshin da ke ajiye a kamfanin, ya goge gurbin lasisi a fayil na farko, ya goge a na biyu. Manhajojin biyu suka ce ba a bayyana ba. Bakinsu ya zo ɗaya, allon ya yi kore.

Mai Gemu ya ce dama ya faɗa. Mai Tabarau ya ce ga amfanin bita. Aka tura wa asibiti, kowannensu ya shiga ofishinsa ya rubuta wa Auta takardar yabo.

Da la'asar Auta ya kai takardun wurin matar da ke kula da ma'aikata. Ta jera su, ta dubi wannan ta dubi waccan.

"Ƙanena, wannan ya ce injiniya, a sashensa. Wancan ya ce mataimakin injiniya, a nasa. Kwamfuta ba ta karɓar biyu."

"Anti, ki zaɓi ɗaya mana. Ko ƙaramin ne na yarda."

"In zaɓa in shiga tsakaninsu? Ina da 'ya'ya."

Ta yi 'yan danne-danne, ta juyo masa da allon, fuskarta a sake. Allon ya yi kore shar. Gurbin muƙami babu komai a ciki, a ƙasansa an rubuta ana ci gaba da gwaji.

"Ka ga, ta karɓa," in ji ta.

Auta ya fita baranda ya kira matarsa, ya ce ta bar labulen tukuna.