Oba-obar Njidda

Njidda ya shigo Yawunde a shekarar da aka watsa ƙauyensu na kusa da Kolofata, da jaka ɗaya da oba-oba, 'yar rediyon kira da amsawa, a aljihu. A can shi da ƙanensa Hamadu suna cikin 'yan sintirin da ke tsaron hanyar kasuwa, kowa da tasa na'urar. Ranar da 'yan bindiga suka shigo, Hamadu yana wajen rafi. Njidda ya yi ta kiransa har batir ya mutu, bai amsa ba, kuma ba a ga gawarsa ba.

A unguwar Briqueterie ya samu aikin guga a bayan shagon wasu teloli. Yakan cika dutsen guga da gawayi tun safe, ya ɗora oba-obar a kan taga, fuskarta tana ci da koriyar wuta. Telolin suna hirarsu da Faransanci gauraye da Hausa, shi kuwa Fulatanci ya fi zama a bakinsa, don haka ba ya yawan tsoma baki. Kafin azahar na'urar ta mutu. In kuma an ɗauke wuta a unguwar, sai ta wuni a mace, shi ma ya wuni ba walwala.

Wata Talata ya kai ta wurin Izzuddeen, wani Bakano mai gyaran waya a bakin titin da ke gangarawa unguwar Messa. Ya ce masa sabon batir yake so. Izzuddeen ya buɗe bayanta, ya gwada, ya ce batirin ya tsufa amma da sauransa. Sai ya nuna masa fuskar.

"Baba, wannan wutar ce ke shanye maka caji. An saita ta kada ta mutu ko da rana tsaka. In na mayar da ita daƙiƙa biyar, za ta kai ka magariba."

Njidda ya dubi koriyar wutar. Hamadu ne ya saita ta haka da hannunsa, saboda idon yayansa ba ya ganin lambar tasha sosai. Bai faɗi wannan ba. Ya tambaya ko in wutar ta mutu za a iya jin mai kira. Izzuddeen ya ce kunnenta daban, fitilarta daban. Da an yi magana za ta haska da kanta. Ya ƙara da cewa, cikin ladabi, irin wannan ba ta kama kira daga nisan da ya wuce kilomita huɗu ko biyar, balle a garin tuddai kamar Yawunde.

"Na sani," in ji Njidda. "Saita."

Kwana biyu yana jin ba daɗi. Duk sanda ya ɗaga kai daga guga sai ya ga fuskar baƙa ƙirin, ya miƙa hannu ya taɓa maɓalli don ya tabbatar tana da rai. A rana ta uku, lokacin da a da ta daɗe da mutuwa, ana gab da la'asar, sai ta haska ita kaɗai. Muryar wani dattijo ce, da Hausa, yana roƙon wani ya riƙe masa ƙofa ya yi salla. Ya maimaita sau uku, ba wanda ya kula shi.

Njidda ya danna maɓallin magana. Ya yi sallama, ya ce shi ba abokin aikinsa ba ne, mai guga ne a Briqueterie, amma ya ji shi. Dattijon ya yi dariya, ya ce sunansa Na'Allah, gadi yake yi a wani gini da ake ɗagawa a unguwar Tsinga, sauran masu gadin ba sa jin Hausa, in ma sun ji ba sa amsawa.

Daga ranar, kullum bayan la'asar sai sun gaisa. Ba doguwar hira ba ce, don Na'Allah yana tsoron shugabansu ya ji. Ya ba shi labarin ƙafarsa da ke kumbura in ya daɗe a tsaye, da 'yarsa Jaratu da ke aure a Garwa. Njidda ya ba shi labarin gonar albasarsu. Sai da aka yi wata guda kafin ya ambaci Hamadu. Na'Allah bai ce za a gan shi ba, bai kuma ce ya haƙura ba. Ya tambayi sunan mahaifiyarsu, ya ce zai riƙa sa shi a addu'a.

Sun sha cewa za su haɗu ranar Juma'a, amma Na'Allah ba ya samun hutu, Njidda kuma Juma'a ce ranar da kaya suka fi yawa.

A wata na uku muryar ta ɗauke. Njidda ya jira kwana biyar, sannan ya nemi izini ya hau tudun Tsinga a ƙafa, yana tambayar masu gadi gini bayan gini. A na huɗu ya tarar an yi fenti, an kafa ƙofar ƙarfe, wani sabon mai gadi cikin kaki yana zaune. Da guntun Faransancinsa ya fahimci cewa an gama aiki, an sallami tsofaffin, kuma tsohon nan mai ɗingishi ya hau jirgin ƙasa zuwa arewa tun ranar Asabar.

Njidda ya yi godiya. Ya tsaya ya dubi dakalin da ke gefen ƙofar, inda tabarma ta bar alama a kan siminti. Hadari ya fara haɗuwa ta wajen unguwar Madagascar, ga riguna goma sha biyu na ɗaurin aure suna jiransa, sai ya kama gangara da sauri.