Shekara Talatin a Wuta

Jiya bayan na kwanta na ji wani gurnani daga wajen tsohuwar tashar lantarki, irin na injin da na tsufa ina shafa wa mai. Shekara tara ke nan da rufe ta, sai bana aka ce za a mayar da ita gidan sanyi na adana tumatir. Ina cikin saurare barci ya ɗauke ni, na yi wani mafarki.

Ga ni a ƙofar tashar tare da ɗana Haladu, wanda ya rantse in ba a ɗauke shi aiki ba zai kwashe mini jikoki ya tafi kudu. Ruwa yana tashi daga ƙasa yana shiga gajimare, don haka muka riƙe lema a kife.

A ofis, wata akuya mai tabarau ce ke ɗaukar ma'aikata.

"Mutum ɗari muke nema, Baba, duk 'yan gari," in ji ta.

Ban yarda da ita ba. Tana magana tana tauna takardar sunaye daga ƙasa, kuma Haladu ne na ƙarshe.

"Ranki ya daɗe, a duba ubansa. Shekara talatin na yi a wuta."

Ta cire tabarau. "A wuta? Me ka aikata?"

"Ta lantarki nake nufi."

"Kowa haka yake cewa."

Sai ga mu a ɗakin injuna. Injunan suna juyawa da baya, suna zuƙo haske daga gidajen mutane. Tumatir sun yi layi sanye da rigunan sanyi, ɗaya yana tari. Na tambaye shi ko da gaske 'yan gari za a ɗauka. Ya dubi hagu da dama, ya ce shi ma a mota aka kawo shi.

Akuyar ta biyo mu. "Ɗan wanda ya fito daga wuta zai narkar mana da kaya. Amma a gwada."

Ta ɗora ƙanƙara a tafin Haladu, ta ce in ta kai la'asar an ɗauke shi. Na durƙusa ina hura masa hannu, sai na tuna daga inda numfashina ya fito. Na riƙe numfashin. Duk da haka ruwa ya fara ɗiga sama ta tsakanin yatsunsa.

Ƙarar guga a rijiya ce ta tashe ni. Na fito alwala, na tarar da Haladu a tsakar gida yana ɗaure jaka. Maƙwabcina Sallau ya leƙo ta kan katanga.

"Malam Jibo, an ce tun jiya aka manna sunaye a tashar. Wannan jakar kuma ta zuwa ina ce?"