Gidan Sauron Zuwaira a Tafki

Kanta, sarkin ruwan wani ƙauye da ke gab da Lolo, mutum ne mai ɗaukar magana da zafi. Da jami'in kula da kamun kifi ya zo daga Bagudo ya ce gwamnati ta hana raga mai ƙananan ido, domin tana kwashe kifi tun yana ɗan tsako, sai Kanta ya rungumi dokar kamar shi ya rubuta ta. Kuma yana da hujja. Tafkin da ubansa ke fid da giwan ruwa sai mutum biyu sun ɗauka, yanzu in ka sami karfasa mai faɗin tafin hannu sai ka yi hamdala.

Ya tara masunta, ya ƙona ragarsa a gabansu, ya sa suka ƙona nasu. Ya rufe tafkin har sai ruwa ya janye, ya yi musu alkawarin cewa ranar su, wato ranar da gari duka zai faɗa ruwa tare, za su ga kifin da ba su gani ba tun suna yara. Suka yarda, amma da gunaguni.

Abin haushin, tafkin nan bai san iyaka ba. Kansa yana Najeriya, wutsiyarsa tana Benin, kuma a can wutsiyar Abdulhafiz yake, mijin ƙanwar Kanta. Har kwale-kwale Kanta ya shiga ya je ya roƙe shi su ma su bar kifi ya girma.

"Haba Yaya!" in ji Abdulhafiz, yana dafe da ƙirji. "Ni ko raga ba ni da ita bana. Mi zan kama kihi da shi?"

Kanta ya dawo da sanyin zuciya. Da ƙanwar ta haihu, har ya sa matarsa Zuwaira ta cire gidan sauronsu, wanda ta yi wa faci da jan atamfa, aka kai wa jariri. Su kuwa suka ci gaba da marin ƙafafu.

Watanni suka shuɗe ana miyar kuka gaya. Kowace ranar kasuwa Zuwaira takan dawo daga Lolo ta ce, "Malam, ƙananan kihi sun cika kasuwa, kwando kwando. Daga ina suka hito in ba tafkinga ba?" Shi kuwa ya daka mata tsawa, ya ce ita dai ba ta rabo da zargi.

Ranar su ta zo. Aka buga ganga, maza suka ruga da ragar homa da goran iyo, mata suka jera kwanduna a baki. Aka tace ruwa har rana ta take. Abin da ya fito bai wuce 'yan tarwaɗa da kwaɗi ba. Can wajen iyaka homar Kanta ta yi nauyi, ya ɗaga da ƙarfi.

Gidan sauro ne, yagagge, an ɗaura masa duwatsu a gindi an mai da shi raga, ga jan facin nan ras.

Ba wanda ya yi masa dariya, kuma wannan ya fi yi masa ciwo. Wani dattijo ya ce, "Sarki, mu munka ƙona ragarmu, kai kuma kab ba su taka."

Tun kafin Kanta ya fito daga ruwa, samari sun nufi gida suna kwance gidajen sauronsu.