Tsagar Gobir a Kumatun Sojan Roba

Ni na fara ganin hannun Abdulgani yana rawa. Kafin 'yarsa Ghada ta gani, kafin likita ya gani, ni Lado na gani. Wata Talata ce bayan la'asar, a ɗakinsa da ke hawa na biyu a unguwar Madain Fahd, nan ƙasa mai tsarki, inda muka dawo tare bayan an rushe mana tsohuwar unguwarmu Karantina. Ya kai burushi zai tsoma, sai ya kuskure bakin kwalba har sau biyu. Ya dube ni, ni kuma na dubi taga.

Shekara arba'in ya yi yana fentin mota. Da ƙirji ya hana shi, sai ya koma yi wa 'yan sojojin roba fenti, irin waɗanda samari ke jerawa a kan tebur suna yaƙi da su. Kowanne bai kai babban yatsa ba. Wani Nayef mai shagon wasan ne ke kawo masa su. Baƙi yake fara shafawa, sannan ya bi da launi kaɗan-kaɗan, shafi bisa shafi, har ka ga inuwa a ninkin riga da tsatsa a bakin takobi. Ido ne kawai ba ya ɗiga musu. Ya ce wannan ba hurumin ɗan Adam ba ne.

Wannan sojan na ƙarshe kuwa nasa ne, ba na Nayef ba. Kwana uku ya yi yana haɗa launin fata, ruwan ƙasa da ja da ɗigon shuɗi, don duk kwalaben babu mai irin launinmu.

"Abuya ne," in ji shi. Mahaifinsa yake nufi, wanda ya taho aikin hajji a ƙafa tun daga Gobir. "Ba shi da hoto ko ɗaya. In na tafi, halas, shi ke nan, babu wanda ya san fuskarsa. Amma tsagar ta ɓace mini, ya Lado. Nawa ce a dama?"

Na yi dariya. Ni da na tsallako teku daga Sawakin a jirgin katako, na ga ambaliya biyu, na binne sa'o'ina kaf, duk ginin nan babu mai tsagar Gobir sai ni. Ban yi karatu ba, amma abin da ke fuskata babu ɗan jami'ar da ke da shi.

"Shida nan, bakwai nan," na ce. "Juyo fitilarka ka ƙirga."

Haka na koma zama a gabansa kullum. Yakan manna sojan a kan murfin kwalba, ya kafa gwiwar hannu a tebur, ya haɗa wuyan hannuwansa biyu, ya riƙe numfashi, sannan ya ja layi. Layi ɗaya, numfashi ɗaya. To numfashin ne babu. Bayan kowane layi sai tari ya tuƙe shi har ya kife kai. Wata rana layi biyu, wata rana ko ɗaya babu.

Muna kan na goma Ghada ta shigo da makullin mota a hannu.

"Abuya, yalla. Likita ya ce yau za a kwantar da kai."

"Saura uku."

"Ammi Lado, yi masa magana mana!" Ammi take kirana, wato baffa.

"'Yata," na ce, "ni an hana ni motsa baki."

Ba ta yi dariya ba. Ta tsaya tana kallon hannunsa. Can ta ce, "Alhamis. Ba zan ƙara kwana ɗaya ba."

Ranar Laraba ya ja biyu. Na biyun ya karkace, ya goge da jiƙaƙƙen burushi, ya mai da launin fata, ya jira ya bushe, ya sake. Ranar Alhamis da hantsi hannun ya ƙi gaba ɗaya. Ya ɗaga, ya ajiye, ya sake ɗagawa.

"Riƙe mini wuyan hannu," ya ce. "Kada ka ja, kada ka tura. Riƙe kawai. Kuma juya kumatunka."

Na riƙe, fuskata na wajen fitila, don haka ban ga komai ba. Na ji dai ya ɗauke numfashi. Jijiyarsa na bugawa a ƙarƙashin yatsana, na ƙirga har tara. Sannan ya saki.

"Ya yi?" na tambaya.

"Ya yi. Kira ta."

Ghada ta sunkuya da gilashinsa mai ƙara girma, ta daɗe tana dubawa. "Haka kakana yake?"

"Haka yake."

Bayan azahar ta kai shi asibiti. Ranar Asabar Allah ya karɓi abinsa, muka yi masa salla bayan la'asar.

Yanzu wasu na cewa mai mutuwa ba zai ja layi irin wannan ba, wai Nayef ne ya ƙarasa. Sojan na nan a tagar Ghada, yana fuskantar titi, rana na sauka a kumatunsa na hagu da safe. Wanda ke musu ya hau ya ƙirga sha uku, sannan ya sauko ya same ni a bakin ƙofa ya faɗa mini a fuskata.