Ɗaurin Roba

Khalid ya danna ɗan maɓallin, ƙaramin fanfon ya yi gurnani, ruwa ya biyo tiyo ya zuba a gindin ɗan lemon Inna Larai. Matan gidan suka ɗau sowa kamar an yi haihuwa.

"Inna, in ƙasa ta bushe, wannan ƙaramin kartin lantarki zai ji, ya kunna fanfo da kansa," in ji Khalid. "Ki tafi Mirriya hankali kwance."

Nomau, yayansa, yana tsaye jikin bango yana sakace haƙori. Shekara talatin yana gyaran rediyo a Zango, yatsunsa duk tabon dalma, ba wanda ya taɓa yi masa guɗa. Amma yau ɗan biro, mai zaman ofis, ya kalli bidiyo biyu a waya, shi ke nan ya zama injiniya!

Kuma ya ga abin da ba wanda ya gani. Lokacin da fanfon ya tashi, 'yar fitilar kartin ta lumshe. Khalid ya haɗa kartin da fanfon a kan cazar waya guda, ita kuma cazar a jikin batirin panno, farantin hasken rana. Yau bidon ruwa, jarkar da fanfon ke zuƙa, a cike yake, fanfo bai sha wahala ba. Bari ruwan ya yi ƙasa a gani.

"Yaya, ka ga wani abu ne?" Khalid ya tambaya.

"Ni? Me mai gyaran rediyo ya sani? Allah ya yi albarka."

Lemon nan ba lemo ba ne kawai. Daga gonar marigayi babansu ta Guna Inna ta taho da shi a gwangwanin tumatir, kafin a raba gonar. Kullum da safe sai ta shayar da shi kafin ta sha kokonta. Yanzu za ta je jinyar ƙanwarta mako guda, ga bazara tana ƙona ƙasa, Khalid kuwa aiki ya kai shi Yamai.

Rana ta huɗu Nomau ya hau kabu-kabu ya nufi gidan. Ba ya ɓoye wa kansa: so yake ya tarar abin ya lalace. Tun daga zaure ya ji ƙarar, ƙas, ƙas, ƙas. Fanfo ya tashi ya zuƙe wutar, kartin ya suma, fanfo ya mutu, kartin ya farfaɗo ya sake gwadawa. Ko ɗigo ba ya fita. Daɗi ya kama shi har ya yi dariya shi kaɗai a tsakar gida.

Sai ya dubi lemon. Ganyen ya nannaɗe, sabbin tohon sun sunkuya, ƙasar gindinsa ta tsage. Dariyar ta tsaya.

"Kai, Nomau, ka ji kunya," ya ce da kansa.

Ya fara kwarara masa bokiti guda, sannan ya buɗe jakarsa. Ya ja wa fanfo wayarsa daban daga batir, ya bar wa kartin cazarsa shi kaɗai, aikinsa kawai ya buɗe hanya ya rufe. Salatif ɗin Khalid duk ya narke a rana, sai ya yanko tsohuwar robar tayar keke ya naɗe mahaɗan, ya ƙulle bakin sau biyu ya soke ta ƙasa, yadda babansu yake ɗaure tiyon gona. Ya gwada sau biyar, fitilar ko ƙyaftawa ba ta yi ba.

Ranar Juma'a Inna ta dawo, Khalid ma ya iso. Lemo ya miƙe kore shar. Maƙwabta suka cika gidan, Khalid yana ɗaukar hoto zai aika wa 'yan uwa, bai ko sunkuya ya dubi wayoyin ba.

"Ɗan albarka!" in ji wata maƙwabciya. "Nomau, ai sai ka je ƙaninka ya koya maka."

Nomau ya yi yaƙe. Da ya sani ya bar abin yana ta ƙas-ƙas ɗinsa! Ya ɗauki jakarsa zai fita.

Inna ta durƙusa gindin lemon tana taɓa ƙasar. Hannunta ya kai kan baƙar robar, ta shafa ƙullin da babban yatsa, ta daɗe a haka.

"Khalid," ta ce, "ashe kai ma ka iya ɗaurin babanku?"

Khalid ya leƙo. Amma ba shi take kallo ba.

"Nomau, ajiye jakar nan. Ba ka ci abinci ba."